Ƙera tandar bandar nama da tsofaffin tukwanen gas: daga cire bawul zuwa hura wutar farko

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya yana cewa ya mallaki tsofaffin tukwanen gas guda biyu, babba mai cin kilo 45 da ƙarama mai cin kilo 19, waɗanda suka yi shekaru a ajiye babu komai a cikinsu. Yana so ya haɗa su ya yi tandar da zai riƙa gasa nama a hankali da hayaƙi, yana da injin walda da giranda, ya kuma iya aiki da su daidai gwargwado. Tambayarsa ita ce ta ina zai fara yanka, kuma yaya zai tsara ƙofa da ɗakin wuta da bututun hayaƙi.

Malam, abin da kake son yi mai yiwuwa ne, kuma tukwanen nan biyu sun dace da juna sosai ta fuskar girma. Sai dai kafin in taɓa maganar ƙofa da bututu, akwai kalma ɗaya a tambayarka da ta tsaya mini a rai, wato cewa babu komai a cikinsu. Na daɗe ina aikin walda, kuma ban taɓa yarda da wannan magana daga bakin kowa ba, ko da kuwa mai tukunyar ne da kansa ya rantse. Idan wutar risho ta mutu muka ce gas ya ƙare, abin da ya faru shi ne matsin da ke cikin tukunyar ya sauko ya yi daidai da na iskar waje, don haka babu abin da zai ƙara turo gas ɗin. Amma cikin tukunyar cike yake taf da tururinsa, kuma da yake furofen, wato gas ɗin da ake zubawa a irin waɗannan tukwane, ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, ba ya tashi ya fita da kansa ko da an bar bawul a buɗe. Kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa a kwano.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Furofen yana kama wuta ne idan yawansa a cikin iska ya kai kashi 2.1 cikin ɗari, har zuwa kashi 9.5. Tukunyarka babba tana ɗaukar lita 108 ko kusa da haka, saboda haka tururin da bai wuce lita biyu da ɗan ɗori ba ya isa ya mayar da ita bom. Tun da lita ɗaya ta ruwan furofen tana zama kimanin lita 270 ta tururi, ruwan gas ɗin da ake bukata don a kai wannan mataki bai cika babban cokali ɗaya ba. Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne tukunyar da ta cika da tururi zalla ba ta kamawa daga ciki, domin babu iskar da wuta za ta ci. Wadda aka bari a buɗe iska ta shiga ta gauraya da ragowar gas ita ce mai yin bindiga. Ke nan tukunyar da mai ita yake ganin ta sha iska ta zama lafiya tana iya kasancewa a daidai yanayin da ya fi kowane haɗari, tana jiran tartsatsi ɗaya daga faifan giranda.

Hanci kuma ba ma'auni ba ne. Furofen shi kansa ba shi da wari; warin da muka sani na wani sinadari ne da ake kira markaftan, wanda ake zubawa da gangan domin a gane yoyo. Wannan ɗabi'a ta sanya wa gas wari ta yi ƙarfi ne bayan fashewar da ta auku a wata makaranta a New London ta jihar Texas a Amurka a 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, galibinsu yara, saboda gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya sani. Matsalar ita ce warin yana yaudara ta fuska biyu. Yakan manne a jikin ƙarfe da kuma wani baƙin mai da ke taruwa a gindin tsohuwar tukunya, har ya ci gaba da tashi bayan gas ya fita ƙaf. Haka kuma tsatsar cikin tukunya takan cinye warin, gas yana nan amma ba a jin komai. Wannan baƙin man shi ma abin lura ne, domin idan zafin yanka ya taɓa shi yakan saki tururi mai kama wuta a tukunyar da aka riga aka fitar wa gas.

Kafin ka fara, ka tabbatar tukwanen naka ne halak malak, domin a ƙasashe da dama tukunyar da ake musanyawa mallakar kamfanin gas ce kuma doka ba ta yarda a lalata ta ba. Ka kuma san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Akwai tankokin amoniya da na wasu sinadarai masu kama da na gas, kuma duk tankin da ba a san tarihinsa ba bai cancanci a dafa abinci a cikinsa ba. Tukunyar alminiyam da ta roba mai zare ba su yi wannan aiki ba sam. Wadda aka lulluɓe da tutiya ma ka bar ta, domin hayaƙin tutiya a lokacin walda yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Lotsewa kaɗan ba ta hana komai, amma idan tsatsa ta ci gindin har ƙarfen yana ɓarewa, ka nemi wata. Shawarata ta farko, wadda na fi so ka ɗauka, ita ce ka kai tukwanen wurin masu sana'ar cika gas da gyaran tukwane, su cire bawul su kore ragowar da naitirojin ko tururin ruwan zafi. Idan hakan bai samu ba, to ga yadda ake yi da hannu, kuma ba a tsallake mataki ko ɗaya.

Ka fitar da tukunyar fili, nesa da gini da mota da injin janareta da duk wani mai shan taba, nesa kuma da kwata ko rami ko rijiya, tun da gas ɗin gangarawa yake yi ya taru a wuri mai zurfi. Ka haɗa ta da risho ka ƙone abin da ya rage har wutar ta mutu da kanta. Haɗa rishon yana da muhimmanci, domin wasu bawul na zamani ba sa sakin gas idan ba a ɗaura musu mahaɗi ba, sai mutum ya murɗa ya ji shiru ya ɗauka ta ƙare alhali tana da rabin ciki. Daga nan ka ɗora ta a sikeli. A wuyan kowace tukunya ko kafaɗarta an buga nauyinta lokacin da take fanko. Idan sikeli ya nuna fiye da haka, ko ka girgiza ka ji motsin ruwa, to bawul ya toshe ne, kuma wannan tukunya ba taka ba ce ka taɓa, ta masu sana'ar ce. Matsin cikin tukunyar da ke da ruwan gas a rana mai matsakaicin zafi ya ninka na tayar ƙaramar mota fiye da sau uku, ruwan kuma yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, yana ƙona fata kamar wuta idan ya fantsamo.

Bayan ka gamsu matsi ya ƙare, ka shafa ruwan sabulu a bakin bawul a buɗe ka ga ba ya kumfa, sai ka ɗaure tukunyar da igiya mai ƙarfi a jikin turke ko bishiya, ka kama bawul ɗin da babbar sifana, ka zura dogon bututu a hannun sifanar don ƙarin ƙarfi. Zai yi taurin kai ƙwarai, domin da manne aka ɗaura shi tun daga masana'anta. Komai taurinsa kada ka gasa shi da wuta, kada ka doke shi da guduma, kada kuma ka yanke shi da inji. Haƙuri da dogon bututu su ne maganinsa. Idan ya fara juyawa ka ji tsaki, ka dakata har ya yi shiru kafin ka ci gaba. Da ya fita sai ka kifa tukunyar, rami yana kallon ƙasa, a wuri mai kaɗawar iska, ta kwana ɗaya ko biyu.

Sannan sai ruwa, wanda shi ne ainihin maganin. Ka tsayar da ita, ka zuba sabulun wanke kwanuka mai yawa, ka zura tiyo har gindi, ka bar ruwa ya cika ta a hankali har ya yi ambaliya ta ramin bawul, kana ɗan karkata ta gefe da gefe don kada wata iska ta maƙale a kafaɗa. Ruwan yana kore tururin ne gaba ɗaya saboda ya mamaye wurin da yake zaune, sabulun kuma yana narkar da baƙin man nan. Ka bar ta haka kwana uku zuwa mako guda, ka zubar a wurin da ba zai gangara rijiya ko rafi ba, ka sake cikawa, ka maimaita aƙalla sau biyu. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka babbar tukunyar za ta haura kilo 130 idan ta cika; ka ajiye ta tun farko a inda za ka yi yankan. Akwai masu zura hayaƙin salansar mota wai don ya kore gas, akwai kuma masu gwadawa da ashana a bakin rami. Duka biyun ganganci ne: hayaƙin mota yana ɗauke da ragowar fetur da iskar kabon monoksaid, wadda ita kanta tana kama wuta, ashana kuwa amsar da za ta ba ka ita ce abin da kake gudu. Idan za ka iya aron na'urar gano gas, ka zura bakinta ciki ka ga ta nuna sifili.

Ina nanata wannan ne domin ni ganau ne. Lokacin da nake koyon aiki an kawo mana wata tukunya da aka cire wa bawul tun watanni, har ƙura ta toshe rabin ramin, mai ita ya ce ruwan sama ma ya sha shiga cikinta. Wanda ke gaba da ni a aiki ya ɗora faifai a kafaɗarta, kuma a daidai lokacin da faifan ya huda ƙarfen sai muka ji wani gurnani mai nauyi, harshen wuta shuɗi ya fito ta ramin bawul tsawon hannu, tukunyar ta yi tsalle daga kan benci ta bugi bango. Allah ya kiyaye ramin a buɗe yake kuma ba ya kallon kowa. Mutumin ya yi kwanaki kunnensa yana ƙara, gashin hannunsa ya babbake, kuma tun daga ranar ban sake yanka tukunyar da ban cika da ruwa da hannuna ba.

Yankan farko ana yin sa ne da ruwa a ciki. Ka bar tukunyar a tsaye a cike, ramin bawul a buɗe, ka rage ruwan da bai wuce yatsa biyu ƙasa da inda za ka yanka ba, sannan ka buɗe taga mai faɗin tafin hannu a kusa da ramin. Wannan gefen dama can za a yanke shi don bututun hayaƙi ko don haɗawa, saboda haka ba a yi asarar komai ba. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji, don haka ka yi amfani da inji mai batir, ko kuma wanda aka haɗa ta na'urar da ke katse wuta idan ta samu yoyo, ka tsaya a busasshen katako, ka rataye waya sama. Ka sa tabarau da garkuwar fuska da safar hannu da abin toshe kunne. Idan taga ta buɗe ka zubar da ruwan, ka leƙa da tocila ka kankare duk wani mai da ya rage. Bayan an gama yanka ƙofa kuma sai a hura babbar wutar itace a cikin kowace tukunya ta ci awa biyu ko uku a fili, ta ƙone wari da tsohon fenti. Ka tsaya ta inda iska ke busowa, domin fentin tsofaffin tukwane yana iya ƙunsar dalma, kuma idan za ka goge shi da buroshin ƙarfe ka sa takunkumi na gaske mai tace ƙura.

Yanzu ga tsari. Wannan irin tanda, wadda ta shahara a Texas da Oklahoma inda masu waldar bututun mai suka riƙa ƙera ta da ragowar bututu, daga baya kuma da manyan tankokin gas masu galan 250 da 500 har 1000, ta ginu ne a kan abu ɗaya: wuta ba ta zama a ƙarƙashin nama. Tana ci ne a ɗakinta a gefe, ɗan ƙasa da ɗakin nama, iska mai zafi da hayaƙi su ratsa ta kan naman su fita ta bututu a ɗaya ƙarshen. Duk wani awo da za ka yi hidima yake yi wa wannan tafiyar iskar. Ƙa'idar da maƙeran irin wannan tanda suka saba bi ita ce ɗakin wuta ya zama kimanin kashi ɗaya cikin uku na ɗakin nama. Kashi ɗaya cikin uku na lita 108 shi ne 36, ƙaramar tukunyarka kuwa tana ɗaukar kusan lita 45, kuma ɗan ƙarin nan alheri ne, domin ɗakin wuta da ya ɗan fi girma ya fi wanda ya matse sauƙin sarrafawa.

Ƙofa ita ce inda mafi yawan masu farawa suke ɓata aikinsu, don haka zan ɗan jima a kanta. Ƙarfen tukunya an lanƙwasa shi ne da ƙarfin inji aka kulle shi da walda, yana riƙe da wannan ƙarfin a jikinsa, kuma da ka yanke wani yanki sai ya nemi miƙewa. Idan ka yanke ƙofar gaba ɗaya ta faɗo, za ka ɗauko ta ka ga ba ta komawa mazauninta, kusurwoyinta sun ɗaga, kuma gyaran wannan ya fi yankan wahala. Ka kwantar da tukunyar, ka juya ta yadda layin waldar da ke bin tsawonta zai koma baya ko ƙasa, ka kuma bar aƙalla santimita 5 tsakanin gefen ƙofa da waldar da ta zagaye kowane ƙarshe. Don samun miƙaƙƙen layi a jikin abu mai zagaye, ka kifa ƙarfen angul a kanta, zai zauna daidai da tsawonta da kansa, sai ka bi gefensa da alli. Layin zagaye kuma ka naɗa takarda mai kauri ka bi bakinta. Idan ka kalli tukunyar ta ƙarshe kamar fuskar agogo, layin sama yana wajen ƙarfe 12, na ƙasa yana wajen ƙarfe 3, wato kimanin santimita 29 a tukunya mai faɗin santimita 37. Tsawon ƙofar santimita 70 zuwa 80 ya wadatar.

Ka fara yanka layin sama kawai da siririn faifai, sannan ka yi waldar hinji tun sauran ɓangarori uku suna riƙe. Ka zura sandar ƙarfe guda ɗaya ta cikin hinjin biyu lokacin da kake ɗana su, domin idan ba su kan layi ɗaya ƙofar za ta riƙa cijewa har abada. Sauran layukan ka yanka su guntu-guntu, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya taru wuri ɗaya, ka bar ɗan abin riƙo kamar faɗin yatsa a kowace kusurwa, su ne za ka yanke a ƙarshe bayan ƙarfen ya huce. Daga nan sai leɓen ƙofa, wato siririn ƙarfe mai faɗin santimita 3 zuwa 4 da kaurin milimita 3 da ake zagaye bakin ƙofar da shi daga waje don ya rufe tsagar faifai. Ka lanƙwasa na gefe a jikin tukunyar kanta kafin ka ɗora, ka kama shi da ɗigon walda daga tsakiya zuwa gefe, kana hutawa tsakani. Doguwar walda a jere a jikin ƙarfen da bai wuce milimita 3 ba tana murɗe ƙofa nan take. A babban tanki mai kaurin milimita 6, inda kowane murabba'in mita yake da nauyin kilo 47, dole a sa wa ƙofa wani nauyi a baya da zai taimaka wajen ɗagawa. Taka ba ta bukatar wannan, abin tokare kawai take so don kada ta faɗo maka a hannu.

Wajen haɗa tukwanen, ka sauko da ƙaramar yadda samanta zai tsaya ƙasa da layin ragar nama, kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsayin babbar daga ƙasa. Tun da ƙarshen kowacce a kumbure yake, ka yanke kan ƙaramar, ka yi samfuri da kwali kana datsewa har ya zauna daram a jikin babbar, sannan ka kwafa a ƙarfe. Ramin da zafi zai bi ya zama kamar rabin wata mai faɗin santimita 20 da tsayin 10. Abin da ba na so ka manta shi ne ka bar ɗan tudu na santimita 2 ko 3 tsakanin gindin ɗakin nama da bakin ramin, ka kuma karkata tandar kaɗan zuwa ɗaya gefen inda za ka huda ramin tsiyayar maiƙo da gwangwani a ƙasa. Narkakken kitse idan ya gangara cikin garwashi, wutar da ke tashi ba ta jin magana. A ƙarshen ɗakin wuta ka yi ƙofar da faskare zai shiga, ka yi mata tagar iska mai marufin zamewa a ƙasa, kamar santimita 5 da 10, ka kuma ɗora raga mai kauri wadda za ta ɗaga itace sama da toka don iska ta shigo ta ƙarƙashinsa.

Bututun hayaƙi shi ne ke jan iskar gaba ɗaya, kuma kuskuren da na fi gani shi ne sanya siriri ko gajere, sai hayaƙi ya tsaya a ciki ya yi tsami, nama ya fito da ɗaci da baƙar kunkunniya. Don tandarka, bututu mai faɗin santimita 8 zuwa 10 da tsayin kusan santimita 60 sama da jikin tanda zai yi aiki, kuma gara ka bar shi da ɗan tsawo ka rage daga baya. Bakinsa na ciki ya kasance daidai da layin raga ko ɗan sama kaɗan, domin idan ka huda shi a ƙololuwa, zafi zai bi rufi ya fice ba tare da ya sauko kan nama ba. Wasu suna shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin raga daga bakin wuta har kusan ƙarshe, su mayar da bututu gefen ɗakin wuta, don hayaƙi ya je ya dawo; wannan yana daidaita zafi sosai. A ganina tukunya mai faɗin santimita 37 ta yi ƙanƙanta da wannan tsari, zai cinye maka wuri. Ƙaramin faranti da aka karkata a bakin ramin wuta, wanda zai tare harshen wuta ya tura zafi ƙasa, ya ishe ka, kuma gefe mai ɗan zafi yana da amfaninsa.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Raga ta zama ta baƙin ƙarfe ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a kan angul yadda za a iya zaro ta. Kada ka yi amfani da ragar tsohon firji ko wayar shinge, domin an lulluɓe su da abin da bai kamata ya taɓa abinci a kan wuta ba. Ƙafafu su buɗe sosai, musamman ta gefen ɗakin wuta mai rinjaye, da tayoyi biyu na ƙarfe. Hannun ƙofa ya zama na katako ko na naɗaɗɗiyar waya. Ma'aunin zafi kuma ka sa shi yatsa biyu sama da raga, domin wanda ke saman ƙofa yana faɗa maka zafin rufi ne, wanda ya ɗara na wurin nama nesa.

Ya kamata in gaya maka gaskiya game da kaurin ƙarfe. Abin da ya sa ake son manyan tankoki shi ne ƙarfensu mai kauri yana riƙe zafi, ko an buɗe ƙofa ba ya saurin sauka. Tukwanenka sirara ne idan an kwatanta, don haka zafinsu zai riƙa hawa da sauka, iska mai sanyi ko yayyafi zai shafe su, kuma za ka riƙa duba wuta kowane minti 20 zuwa 30. Jera tubalan da ke jure wuta a gindin ɗakin wuta, da ajiye kwanon ruwa a bakin ramin zafi, suna rage wannan matsala ƙwarai. Bayan an gama walda ka wanke ciki, ka busar, ka shafe shi da man girki siriri, ka hura wuta ta kai digiri 150 na awa uku. Man zai kama jikin ƙarfe ya zama baƙin rufi mai hana tsatsa. Ba a yi wa ciki fenti ko kaɗan. Waje kuma ko dai fentin da ke jure zafi har digiri 650, ko shi ma a riƙa shafa masa mai. A wannan wutar gwaji ka zagaya ka ga inda hayaƙi ke yoyo, ka yi alama da alli don gyara.

A wajen aiki da ita, ka fara da gawayi har ya zama shimfiɗar garwashi, sannan ka riƙa ɗora ƙananan faskare masu kaurin damtse ɗaya bayan ɗaya. Itacen ya zama na bishiya mai tauri ko mai 'ya'ya, wanda ya bushe sosai. Ɗanye da mai ƙaro da katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara duk haramun ne a wannan tanda. Ka ɗumama faskare na gaba a saman ɗakin wuta don ya kama da an saka shi. Bututu ya zauna a buɗe gaba ɗaya, ka sarrafa zafi da girman wuta da tagar iska. Ƙaramar wuta mai ci da harshe tana ba da siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi wanda da ƙyar ake gani, shi ake nema. Farin hayaƙi mai kauri alama ce ta wuta tana shaƙewa. Zafin da ake so yana tsakanin digiri 107 da 135. A irin wannan zafi nama mai jijiya kamar ƙirjin sa ko kafaɗa yakan ɗauki awanni da yawa, kuma idan zafin cikinsa ya kai wajen digiri 65 zuwa 75 yakan tsaya cak na dogon lokaci saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. Kada ka ƙara wuta a nan. Ka jira, ko ka naɗe shi a takarda, har ya kai digiri 90 zuwa 95 inda jijiyar ke narkewa. Kaza kuwa dole cikinta ya kai digiri 74, niƙaƙƙen nama 71, kuma ma'aunin da ake sokawa cikin nama ne kaɗai zai tabbatar maka da haka.

Tandar nan ta waje ce, ba a hura ta a cikin ɗaki ko gareji ko rumfa mai rufaffen gefe, domin iskar kabon monoksaid da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kashewa. Idan maiƙo ya taɓa kamawa a ciki, ka rufe ƙofofi da tagar iska da bututu, kada ka watsa ruwa, ka kuma ajiye bokitin yashi ko na'urar kashe gobara kusa. Washegarin kowane aiki, bayan toka ta huce sarai, ka kwashe ta a bokitin ƙarfe, domin toka idan ta sha raɓa tana cin gindin ɗakin wuta, kuma a ƙarfe mai kaurin milimita 3 nan ne ramin farko yake ɓullowa. Ka kankare maiƙon da ya daskare, ka sake shafa mai a inda ƙarfe ya yi fari, ka kifa gwangwani a bakin bututu don kada ruwan sama ya shiga.